Gangunan da Na Fitar Waje

Sau ɗaya na taɓa shiga ƙaramin jirgin sama a rayuwata, kuma ba a filin jirgi muka sauka ba.

Lokacin muna ƙarƙashin Jihar Sakkwato, ina ƙaramin ma'aikaci a ofishin gona na Yelwa. A takarda malamin gona ne ni, amma da yake ni ne sabon zuwa, sai aka rataya mini makullan sito. Duk abin da mota ta kawo, iri ko taki ko maganin feshi, ni ke karɓa in nema masa wuri. Iyayena makiyaya ne. A bakin tafki ta wajen Wara na tashi ina bin shanu, kafin ƙanen mahaifina ya kai ni makaranta.

A farkon daminar wannan shekara aka kawo ganguna shida na man jirgin sama. Aka ce na jirgin da zai zo neman makwancin jan-baki ne, tsuntsayen nan da ke sauka kan gero da shinkafa su bar manomi da kara. Direban da ya kawo su ya ce a ajiye su ƙarƙashin rufi, na sa aka mirgina su cikin sito. Bayan mako uku sai ga manyan motoci biyu na takin zamani, ga hadari ya haɗo, ga sito ba wuri. Taki in ya jiƙe ya tashi aiki. Ganga kuwa ƙarfe ce, a rufe ruf da murfi. Ban tambayi kowa ba, na sa leburori suka fitar da gangunan, suka jera su a tsaye jikin bangon baya, daidai inda ruwan kwano ke zuba. Na ce a raina zan nemo tamfol in rufe su, ban nemo ba. Sun yi kusan wata biyu a nan. Nakan wuce in ga ruwa ya taru a kansu har ya shanye murfin, ban taɓa kawo komai ba.

Jirgin ya iso wata ranar Talata da hantsi, ya sauka a filin jan ƙasa da ke bayan gari. Fari ne, mai farfela ɗaya a hanci, fukafukansa a sama, ciki kujera huɗu. Mutum biyu suka fito. Matuƙin dogo ne, mutumin gabas, mai furfura a gemu, ba ya magana sai ta kama. Kowa Kyaftin yake ce masa. Ɗayan makanikensa ne, gajere, mai fara'a, kafin azahar ya san inda ake sayar da gasasshen kifi mafi daɗi a kasuwa.

Washegari da sassafe na sa aka karkata ganguna biyu ruwan kansu ya zube, aka goge su, aka ɗora a tarakta zuwa filin. Makaniken ya zagaya su, ya ƙwanƙwasa ɗaya da sifana.

"Malam, daga sito suke ko?"

"Daga sito suke," na ce.

Ban ɗauki abin da na faɗa ƙarya ba a lokacin. Daga wajen sito tarakta ta ɗauko su. Amma na san abin da yake tambaya, kuma na san ba shi na amsa ba.

Ya zura bututun famfon hannu cikin ganga, ya hau tsani, ya cika tankunan da ke cikin fukafukan biyu. Man shuɗi-shuɗi ne, ƙamshinsa ya fi na fetur kaifi. Da ya gama, Kyaftin ya ciro wata 'yar kwalba siririya daga aljihu, ya kara ta a ƙarƙashin fiffike, mai ya tsiyayo. Ya ɗaga ta sama yana dubawa. A gindinta akwai wani ɗan ɗigo, kamar ƙwayar dawa, yana birgima shi kaɗai. Ya zubar, ya sake tara, ya sake dubawa. Wannan karon ba komai. Ya yi haka a ɗaya fiffiken, sannan ya tsaya yana kallon gabas, inda gajimare ya fara tattaruwa.

"Da so samu ne mu ba shi rabin awa ya kwanta," ya ce. Ya sake kallon gabas. "Mu je mu dawo kafin ruwa."

Shugaban ofishinmu ne ya ce ni zan bi shi, saboda na san fadamun bakin tafki ɗaya bayan ɗaya. Makaniken ya zaunar da ni a kujerar dama, ya ɗaure mini bel, ya ja shi har sai da numfashina ya tsaya, ya rufe ƙofa yana dariya. Shi a ƙasa ya tsaya.

Tashin bai ba ni tsoro ba kamar yadda na zata. Ƙasa ce kawai ta sake mu. Na ga rufin kwanon kasuwa, na ga kwalekwale a jere a bakin ruwa kamar ɓawon gyaɗa, na ga gulbi yana faɗaɗa har ya zama tafki. Ruwan bai kai ga cika ba tukuna, don haka akwai fili mai faɗi tsakanin daji da bakin ruwa, wani wuri kore shar, wani wuri ja. Muka bi gaɓar gabas muka nufi ƙasar Ngaski. Ƙarar injin ta cika ko'ina, in zan yi magana sai na kai bakina kusa da kunnensa.

Mun yi kamar minti ashirin na hango wata fadama mai dogayen ciyayi inda na san jan-baki na kwana tun ina yaro. Na nuna masa. Ya kwantar da jirgin a gefen hagu ya zagaya ta, ya sake kwantar da shi a dama don in gani da kyau. Na ga inda ciyawar ta kwanta ta yi fari da kashin tsuntsaye. Ya yi alama a taswirar da ke kan cinyarsa, ya daidaita jirgin. A lokacin muna kan ruwa, gaɓa tana can hagunmu.

Sai injin ya yi tari.

Sau ɗaya ya yi, ya ci gaba da aiki. Na dubi Kyaftin, na ga idonsa ya sauka kan agogunan gabansa. Kafin in tambaya injin ya sake yi, sau biyu a jere, jirgin ya girgiza kamar motar da ta hau gargada. Hannunsa ya sauka ƙasa ya murɗa wani abu tsakanin kujerunmu, ya jawo wani maɓalli, ya tura wani. Injin ya kama da ƙarfi har na saki numfashi. Bai kai ƙidayar goma ba ya mutu.

Ban san ƙarar ce ke riƙe da zuciyata ba sai da ta ɗauke. Ba abin da ya rage sai shuuu na iska a jikin gilashi. Farfelar tana juyawa a hankali, iska ce ke juya ta. Kyaftin ya sunkuyar da hancin jirgin kaɗan, ya karkata shi zuwa gaɓa. Ya ɗauki abin maganar rediyo ya faɗi wasu kalmomi da Turanci, ya maimaita, ba wanda ya amsa. Ya mayar da shi mazauninsa. Ya murɗa makullin tayar da injin. Injin ya yi gurnani ya yi shiru.

"Malam," ya ce. Yanzu ba sai ya ɗaga murya ba. "Za mu sauka nan. Ka ƙara jan bel ɗinka. Cire biron da ke aljihunka."

Na cire biron, ya kuɓuce mini ya faɗi ƙasa. Bakina na ta kalmar shahada ba tare da na umurce shi ba. Ruwan da ke ƙarƙashinmu ja ne, na sabon ruwan damina, kuma na fara ganin ƙananan igiyoyinsa ɗaya ɗaya, abin da ba na gani ɗazu.

"Za mu kai gaɓa?"

"Za mu kai. Ba za mu wuce ta da nisa ba." Ya nuna da haɓa. "Ga fili can, koren nan."

Na duba. Shimfiɗaɗɗen wuri ne, lumui, ba itace ba dutse, ko makaho zai zaɓe shi. Amma na san shi. Burgu ne, ciyawar da ke fitowa inda ruwa ya janye, ƙarƙashinta laka ce mai cin saniya har ƙirji. Na taɓa yini tare da mahaifina muna jan wata saniya da igiya daga irin wannan wurin, ba mu fitar da ita da rai ba.

"Kyaftin, taɓo ne. Ba ya ɗaukar ko ɗan maraƙi."

"Ka tabbata?"

"Na tabbata."

"To ina?"

Ban taɓa kallon wannan ƙasa daga sama ba, komai ya sauya kama. Na rasa gabas da yamma. Ina ta raba ido, ƙasa na ta matsowa. Sai na hango wani jan layi da ya sauko daga daji zuwa ruwa, hanyar da shanu ke bi zuwa mashaya, a gefenta kuma wani fako, busasshen wuri mai tauri da kofato ya daddaɓe shekara da shekaru.

"Can, jan wurin nan. Ƙasa ce mai ƙarfi."

"Gajere ne. Kuma akwai shanu."

Akwai su kuwa. Farare, sun kai arba'in, sun bazu a rabin filin na wajen ruwa, kawunansu a ƙasa. Da injin na aiki da tun daga nesa sun watse. Amma mu muna zuwa ne shiru kamar shaho.

Na ga idonsa na kai da komo tsakanin koren da jan. Daga baya ya gaya mini cewa duk abin da aka koya masa koren yake nuna masa, kuma bai san ni ba sai jiya. Sannan na ji jirgin ya karkata dama.

"Buɗe ƙofarka kaɗan, ka bar ta a sake. In mun tsaya ka fita ka yi nisa, kada ka jira ni."

Ya murɗa abin da ke tsakanin kujerunmu, ya kashe wasu maɓallai. Na ji wani abu ya sauko a bayan fukafukan, jirgin ya rage gudu kamar an riƙe shi ta baya. Muka ƙetare bakin ruwa ƙasa ƙasa, har na ga wani tsoho da malfa da sanda ya ɗaga kai. Inuwarmu ce ta fara faɗa wa shanun. Suka zabura, wasu hagu wasu dama, ƙahoni ko'ina. Wani bijimi ya wuce ƙarƙashin tagata, na ga tozonsa na rawa.

Tayoyin suka daki ƙasa, muka yi tsalle, suka sake duka. Na ji wani abu ya bugi ƙarfen da ke tallafe da fiffiken hagu, jirgin ya fizge gefe. Kyaftin na taka birki, daji na tahowa, ƙura ta rufe gilashi. A ƙarshen fakon akwai wani ɗan kwari da ruwan sama ya yanka, wanda ba a ganinsa daga sama. Tayar gaba ta faɗa ciki. Wutsiyar ta tashi, na ga ƙasa tsaye a gabana, bel ya yanke ni a ƙugu. Jirgin ya tsaya a kan hancinsa kamar yana shawara, sannan ya dawo baya da ƙarfi.

Na fita na yi gudu kamar yadda ya ce. Sai da na yi nisa na waiga na ga bai fito ba. Na koma. Yana zaune, jini na bin girarsa, ya tallafe hannun hagu da na dama. Na kwance masa bel na jawo shi ta ƙofata. Muka zauna a ƙasa can gefe. Wuta ba ta tashi ba.

Tsohon ya iso da sandarsa. Ya dube mu, ya dubi jirgin.

"Barkanku da arziki," ya ce.

Na amsa masa da Fillanci, na kira shi Baffa. Ya ƙura mini ido, ya tambayi mutanenmu, ya ce ya san rugarmu. Sannan ya juya ya nufi inda wata karsana ke kwance tana ƙoƙarin tashi da ƙafafun gaba, na baya ba sa motsi. Ita muka buge. Na bi shi na riƙe masa kanta, ya yanka ta kafin rai ya fita. Karsana ce mai kyau, da ciki. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga mini hannu.

"Je ka duba baƙonka. Jini yake zubarwa."

Na yage hannun rigata na ɗaure wa Kyaftin goshi. Wuyan hannunsa ya kumbura ya karkace. Duk da haka ya miƙe, ya ce in ciro 'yar kwalbar nan daga aljihunsa. Ya kai ni ƙarƙashin hancin jirgin ya nuna mini wani ɗan bututu.

"Tara nan, ka ja wancan."

Kwalbar ta cika. Na ɗaga ta sama kamar yadda na ga ya yi da safe. Ba shuɗi ko kaɗan. Fari ne tas, da ɗan jan tsatsa na yawo a ciki.

"Shinshina."

Na shinshina. Ƙamshin mai kaɗan ne, na jikin kwalbar. Na ɗiga a bayan hannuna, bai bushe ba, ya tsaya yana ƙyalli. Sau huɗu muna cika kwalbar kafin shuɗi ya fara fitowa.

"Ruwa," ya ce. "Ba ɗigo ba, ruwa sosai." Ya karɓi kwalbar daga hannuna. "Shekara shida muna tare da makaniken nan. Ya zuba mini ruwa a tanki."

A nan ne na ga gangunan a idona, jere jikin bango, ruwan kwano na sauka a kansu. Na buɗe baki, sai na ce masa ya kamata mu nemi mai ɗori.

Baffa ya kira wani masunci da ke kusa, ya ɗauke mu a kwalekwale zuwa Wara. Ruwan da muke gudu ya same mu a hanya, ya jiƙa mu sharkaf. Kyaftin na zaune a tsakiya, ido a rufe, duk lokacin da kwalekwalen ya daki igiyar ruwa sai ya cije leɓe. Ni ina bayansa ina kwashe ruwa da ƙwarya, ina lissafin abin da zan faɗa. Ba wanda ya san inda gangunan suka yi damina sai leburori, su kuma ba mai tambayarsu. Ni da kaina na sa aka goge su. In na yi shiru, maganar za ta tsaya a kan wanda ya riƙe famfo.

A ɗakin shan magani na Wara aka ɗinke masa goshi aka ɗaure hannun da katako. Aka aika saƙo Yelwa. Bayan la'asar sai ga Landiroba ta tsaya, shugaban ofishinmu ya fito, makaniken na biye da shi. Tun hantsi suke tsaye a fili suna kallon sama. Makaniken ya taho da sauri zai kama Kyaftin, Kyaftin ya miƙa masa kwalbar, da ruwan a ciki.

Ya karɓa ya duba. Na ga fara'ar nan ta bar fuskarsa.

"Kyaftin, gangunan a rufe suke. Ni na karya hatiminsu. Na tambaya aka ce daga sito suke."

"Ka duba gindin gangar kafin ka zura famfo?"

Makaniken ya ci gaba da juya kwalbar a hannunsa.

"Ka san abin da za a rubuta. Ka san ba za ka sake taɓa jirgi ba."

Muna barandar ɗakin shan maganin, ruwa na ɗiga daga kwano. Shugabanmu ya juya yana neman direba. Da na ƙara minti ɗaya da an tashi.

"Ranka ya daɗe," na ce masa, "ba a cikin sito suka yi damina ba."

Duka suka juyo. Na faɗi yadda aka yi, takin da ya zo, bangon baya, tamfol ɗin da ban nemo ba, ruwan da na zubar da safe.

"A tsaye?" in ji makaniken.

"A tsaye."

"Ruwa na kwanciya a kan murfin?"

"Yana kwanciya."

Ya zauna a kan dakali. Ya yi magana yana kallon ƙasa, ba ni ba. Ya ce ganga numfashi take yi. Rana ta dake ta, iskar ciki ta kumbura ta fita ta zaren murfi. Sanyi ya sauka, ta ja abin da ke kan murfin ta haɗiye. In iska ce iska, in ruwa ne ruwa. Kullum kaɗan, har wata biyu. Ruwan ya kwanta a gindi, inda bakin famfonsa ya sauka.

"Na tambaye ka," ya ce. "Da bakina na tambaye ka."

Shugabanmu ya miƙo hannu, na ciro makullan sito daga aljihu na ba shi. Kyaftin ya daɗe yana kallona da idon da bai kumbura ba.

"Ni na ga ɗigon farko, kuma na tashi," ya ce. "Wannan ma za a rubuta. Za a kuma rubuta wanda ya hana ni sauka a taɓo."

An rubuta duka. Aka ba ni takardar tuhuma, na amsa ta a shafi ɗaya ba tare da na kare kaina ba. Makaniken an dakatar da shi na wasu watanni, daga baya ya koma aikinsa. Kyaftin bai sake tuƙi ba sai bayan babbar salla, kuma an ce hannun bai koma daidai ba.

Kafin nan sai da aka fitar da jirgin, domin tafki ya fara cikowa, kullum ruwa na cin fakon taku biyu ko uku. Aka tura makaniken ya kwance fukafukan, aka tura ni in taya shi, tunda ni na san hanya da mutanen wurin. Kwana uku muka yi. Yana miƙo hannu in sa masa sifana, in na ba shi wadda ba ita ba ya ajiye ta a ƙasa ya ɗauki daidai da kansa. Ko gaisuwata ba ya amsawa sai da kai. Tarakta ta kasa isowa saboda laka, sai Baffa ya ba da bijimai huɗu aka ja gangar jikin jirgin da igiya har bakin hanya, mutanen ƙauye suka ɗauki fukafukan a ka, mutum takwas kowane. Ranar da muka gama, ruwa ya riga ya shiga kwarin da ya kama tayarmu.

Da aka ɗaure komai a babbar mota, makaniken ya hau gaba. Har direba ya ta da mota sai ya leƙo ta taga.

"Sauran ganguna huɗun, kada a ba kowa. Ko a fitila kada a zuba."

Na ce to. Motar ta tafi.

A ƙarshen watan aka mayar da ni Shanga, aikin shinkafar fadama, ba sito ba makulli. Na yi shekara bakwai a can, a can na yi aure.